Kwaɗo Biyu a Ƙofar Sito

Tsohon kafinta ya sayar da wurin aikinsa ga wani matashi mai shagunan kujeru. Ba wanda ya riƙe masa hannu. Ƙirjinsa ne ya fara kawo maganar, likita ya ce ƙurar katako ta zauna masa a huhu, 'yarsa kuma ta ɗauki zancen ta ƙi ajiyewa. Ita kaɗai gare shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba, Uwata yake ce mata. Ita ma tun da ta girma aikin uwa take yi masa.

"Baba, ka sayar ka dawo wurinmu. Na gyara maka ɗaki, tagarsa na kallon wata babbar bishiya."

"Bishiya a tsaye? Me zan yi da ita?"

Haka ya ce, amma ya je ofishin lauya ranar da aka sa. Karatunsa bai wuce ya gane lamba a jikin tef ɗin awo ba, don haka ya ture takardun gefe ya ce wa Lauya ya faɗa masa da baki, kuma ya gajarta.

Lauya ya ce, "Baba, wurin da injuna da sunan da ka yi, an yanke kuɗinsu, wannan ya ƙare. Saura abin juyawa. Wurin aiki ba ya motsi sai da katako a sito, da ƙusa, da gam, da fenti, da kuɗin da kake bin mutane, a cire wanda ake binka. Shi ake cewa jarin juyawa. Mun ƙiyasta shi mun rubuta adadi. Bayan an miƙa wuri akanta za ta zo ta duba. In abin da ka bari ya haura adadin, a ƙara maka. In ya gaza, a rage daga kason kuɗin da zan riƙe a hannuna har ku daidaita."

"Wato ba a yarda da maganata ba."

"Ba haka ba ne, Baba. Kowa haka ake yi masa."

"Ni ba kamar kowa ba ne. Ci gaba."

Sauran maganar gajera ce. Don kada wani ya zargi wani da ɗibar kaya kafin a gama lissafi, za a sa wa ƙofar sito kwaɗo biyu. Makulli ɗaya na mai saye, ɗaya na mai sayarwa. Ba a buɗewa sai da su biyun. Ranar da aka yarda da lissafin ƙarshe, Baba ya sa hannu, ya karɓi kuɗinsa, ya miƙa makulli.

Ya sa hannu. Bai ɗauki zancen makullin da muhimmanci ba. Ya jefa shi aljihu tare da canji.

Washegari ya farka a lokacin da ya saba. Ya sa rigar aiki, ya kai hannu zai ɗauki fensirin da yake saƙalawa a kunne, sai ya tuna. Ya zauna a bakin gado. Gidan shiru. Bai taɓa sanin agogon falo na da ƙara haka ba, domin shekara da shekaru bai taɓa zama a gida da hantsi ba. Yana nan zaune wayarsa ta yi kuka. Matashin ne, wanda ma'aikata suka fara kira Sabon Maigida.

"Baba, a yi haƙuri. Muna bakin sito, yara na jiran katako. Sai da makullinka."

Baba Kafinta ya dubi wayar. Ya ce, "Ku jira."

Bai yi sauri ba. Ya bi hanyar da ya saba, ta gaban mai faci, ya ratsa bayan gidan mai, ya shiga layin da ƙarar zarto ke tarar mutum tun daga nesa. Da ya shigo farfajiyar sai ya ga ma'aikata tsaye cirko-cirko a ƙofar sito, Sabon Maigida na duba agogon hannunsa. Suka gaishe shi gaba ɗaya. Ya amsa da ka, ya zaro makulli, ya buɗe kwaɗonsa. Warin katako da gam ya bugo shi. Ya ja numfashi har tari ya sarƙe shi, bai damu ba.

Daga ranar haka abin ya zama. Da safe ya buɗe, a ɗauki abin da za a ɗauka a rubuta a gabansa. Da yamma ya rufe. Tsakanin nan ba wanda ya ce ya tafi, shi ma bai tafi ba. Ya kifa wani tsohon bokitin fenti a bakin sito ya mai da shi kujera.

Mai Fenti ne ya fara tsokanarsa. Tare suka fara aiki tun suna samari, kuma shi kaɗai ke iya faɗa masa magana ya kwana lafiya. Yanzu yana cikin waɗanda Sabon Maigida ya gada.

"Tsoho, ashe maigadi ka koma? Nawa ake biyanka?"

"Abin da ake biyanka ka ɓata katakon mutane da fenti."

"Ka sayar da mu tare da injuna ko kunya babu. Ni nawa aka yi mini kuɗi?"

"Kai gyara aka ba shi."

Mai Fenti ya yi dariya har ya dafa bango. Baba Kafinta bai yi ba, amma gefen bakinsa ya motsa.

Daga kan bokitin yana ganin komai. Ya ga an kawo allunan da ake matsewa daga dusar katako, masu kumbura in ruwa ya taɓa su. Ya ga an kawo bindigar harba ƙusa, guduma ta koma rataye. Ya ga wani ma'aikaci ya ɗora zarto a gefen layin da bai kamata ba. Bakinsa ya buɗe, ya rufe shi. Ba wurinsa ba ne. Ya kau da kai, ya ji ƙarar yankan ta shige shi har haƙori. Teburin aikinsa na nan inda yake, da ramin da gwiwar hannunsa ta yi a gefe, amma wani ne ke ajiye kofin shayi a kai. Wani lokaci in mai teburin ya fita, yakan tashi kamar zai wuce, ya shafa saman teburin da tafin hannu, ya dawo.

Akanta ta zo cikin makon. Yarinya ce mai natsuwa, ba ta da yawan magana, ta gaishe shi a durƙushe kafin ta buɗe jakarta. Ta bi sito kusurwa kusurwa, yana biye da ita. Ba ta yi ƙarya a komai ba, wannan ya lura. Da suka kai ƙarshen sito sai ta ɗaga kai.

Can sama, kan wasu gumagumai da aka gitta, akwai falankan maɗaci a jere, kowanne an raba shi da ɗan'uwansa da 'yan sanduna don iska ta ratsa. Sun yi duhu, sun yi ja kamar an shafa musu mai.

"Baba, waɗancan tun yaushe suke nan?"

"Tun kafin ki shiga makaranta."

"An taɓa ɗiba a ciki?"

"Ba a taɓa ba."

Ta buɗe takardar yarjejeniya ta nuna masa wani layi da yatsa, ko da ta san ba zai karanta ba. "A nan an rubuta duk kayan da suka shekara ba su motsa ba, kayan da suka kwanta ne. Ba a sa musu kuɗi a lissafi."

"Ba su motsa ba? Duk mako ina juya su."

"Ba wannan motsin ba, Baba. Ciniki."

"To nawa kika rubuta?"

"Babu."

Ya daɗe yana kallonta. Ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta ce ta san katako ne mai daraja, amma takarda ba ita ta rubuta ba, kuma sa hannunsa na ƙasanta. Idan an cire falankan, abin da ya bari ya gaza adadin da aka rubuta, za a rage masa kuɗi mai kauri.

"Ban yarda ba," in ji shi.

"Kana da damar ƙin yarda. Sai a zauna."

"Kafin a zauna fa?"

"Komai na nan yadda yake. Kwaɗo biyu."

Ya sa hannu a aljihu ya taɓa makullin.

Falankan nan na da tarihi, amma bai gaya mata ba. Mai ɗakinsa, Allah ya jiƙanta, ita ke kawo masa abinci da rana da kanta. Takan zauna a bakin siton nan, daidai inda bokitin yake yanzu, tana kallonsa yana ci tana yi masa tsiya.

"Matan gari duk a kabad ɗinka suke jera kaya. Matar kafinta kuwa tana durƙusawa ƙarƙashin gado tana jan akwati."

"Ga katakonki can sama. Bai bushe ba."

"Bara ma haka ka ce."

"Bara ma bai bushe ba."

Da gaske yake. Bai so ya yi mata abin da zai tsage ko ya karkace bayan damina biyu. Ya so ya yi mata wanda jikokinta za su gada. Katakon ya bushe, aiki ya yi yawa, ya ce sai an rage. Aiki bai ragu ba. Ta rasu akwatinta na ƙarƙashin gado. Tun daga nan bai sa wa falankan zarto ba, bai kuma daina juya su ba. Duk ƙarshen mako yakan sa tsani ya hau, ya juya kowanne, ya gyara sandunan, ya share ƙura da hannun riga. A can sama, in ya yi shiru, yakan ji kamar in ya leƙo zai ga kwanon abinci a bakin ƙofa.

Aka zauna, ba a daidaita ba. Aka sake zama. Duk lokacin da aka kusa gamawa sai Baba Kafinta ya tono wata magana. Ƙusa an auna ta a sikeli, shi a kwali ya saya, a sake. Aka sake. Gam ɗin da aka ce ya daskare bai daskare ba, a buɗe gwangwani a gani. Aka buɗe, ya daskare. Akwai wani mai otal da aka yi wa gadaje bai gama biya ba, Akanta ta ce bashin ya tsufa ba a sa shi, Baba ya ce mutumin na raye, a je a tambaye shi. Aka je. Kowace magana takan ci mako ɗaya ko biyu, shi kuwa kullum da safe yana bakin sito da makullinsa.

Wata rana Akanta ta same shi shi kaɗai a kan bokiti. Ta tsuguna kusa da shi.

"Baba, in tambaye ka?"

"Tambayi."

"Maganar gam ɗin nan, ko ka ci ta, kuɗin bai kai na motar da na shigo ba. Ka sani ai."

"Haƙƙi haƙƙi ne."

"Haka ne," ta ce. Ta dubi teburin aikinsa, ta dubi hannunsa da ke cikin aljihu. Ta tashi ta karkaɗe zaninta.

Mai Fenti bai da wannan kawaicin. "Tsoho, yaron nan so yake ya rushe siton ya kafa babban inji a wurin. Injin na can ya iso, kuɗin ajiya yake biya. Kai ka tsare ƙofa kamar kare a bakin mahauta."

"Ya bi takarda. Shi ya kawo ta."

"Ka ji tarin da kake yi kuwa? Ni da ke shaƙar fenti ban kai ka ba."

"Kai ai tuni aka rubuta ka cikin kayan da suka kwanta."

Wannan karon Mai Fenti bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni in aka tashi aiki ina da inda zan koma in ji hayaniya. Kai ma kana da shi. Ka ƙi ne."

Uwata ta zo da kanta a ƙarshen wata na biyu. Ta tarar da gidan kamar ba kowa a ciki, tukunya a bushe, magungunan da likita ya ba shi ko ledarsu ba a yage ba. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Baba, kuɗin da Lauya ya riƙe da su za a kai ka babban asibiti. Mun yi magana da kai. Yara kullum sai sun tambaye ni yaushe Kaka zai zo. Ƙaramin har ya ajiye maka kujerarsa da ta karye."

"Ki kawo ta nan in gyara."

"A ina? Ba ka da wurin aiki, Baba."

Ta ga maganar ta shige shi, ta yi da-na-sani, amma ba ta janye ta ba. Ta ce gobe za a zauna, ita ma za ta je, kuma Sabon Maigida ya ce yana da magana.

Aka zauna a ofishin da ya kasance nasa. An yi masa farin fenti, an cire ƙusoshin da yake rataye awo a bango, an sa labule. Lauya na gefe da takardu, Akanta kusa da shi, Uwata a bayan mahaifinta. Ta bayan bango ana jin zarto na aiki. Baba Kafinta ya karkata kunne. Haƙoran sun dakushe, ana tura katakon da ƙarfi. Da shi ne, da tuni ya tsai da injin.

Sabon Maigida ya gyara zama. Ba mugun yaro ba ne, gajiya ce kawai a fuskarsa.

"Baba, na yi tunani. Falankan nan, a sa musu kuɗin da ka faɗa. Bashin mai otal, a sa shi. Ƙusa da gam, yadda ka ce. Akanta ta buga, abin da ka bari ya haura adadi. Kuɗinka da ke hannun Lauya za a ba ka duka, ni kuma in cika maka abin da ya hau."

Uwata ta sauke numfashi. "Alhamdu lillahi. Allah ya saka da alheri, ɗan'uwa."

"Ban gama ba. Falankan ma na bar maka su. Na biya, amma ka ɗauka. Gobe in sa mota ta kai maka duk inda kake so."

Kowa ya juyo yana kallon tsohon. Shi kuwa yana ƙoƙarin ganin falankan a gidan 'yarsa, jingine a bayan ɗaki kusa da tankin ruwa, an lulluɓe su da leda, yara na hawa. Ba tsani, ba warin gam, ba ƙofar da wata za ta zauna a bakinta. A can katako ne kawai.

Lauya ya turo takarda, ya ɗora alƙalami a kai. "Nan, Baba. Sai makullin."

"In ban sa ba fa?"

Lauya ya cire tabarau. "In ba ka sa ba, yarjejeniya ta ce a kai wa wani akanta na waje, wanda bai san ka ba bai san shi ba. Shi takarda zai bi. Takarda ta ce falankan babu. Wannan tayin ya tashi, a rage maka kuɗi, kuma wanda ya faɗi shi ke biyan ladan akantan. Baba, faɗuwa za ka yi. Ni lauya ne, ban saba faɗin magana a miƙe haka ba."

"Yana ɗaukar lokaci?"

"Me?"

"Akantan na waje."

Lauya ya dubi Akanta. Ita ta amsa, a hankali, idonta a kan tebur. "Watanni, Baba. Wani lokaci ya fi."

"Kwaɗo fa?"

"Yana nan har ya yanke."

Uwata ta dafa kafaɗarsa. "Baba, don Allah. Kuɗin asibitinka ne za ka ƙona. Don ka zauna a kan bokiti?"

Sabon Maigida ya matso da kujerarsa. Sai yanzu ya gane, kuma abin ya taɓa shi. "Baba, in don zuwa ne, wallahi ƙofa a buɗe take. Ka zo duk ranar da ka ga dama. In sa a yi maka kujera mai kyau a inuwa, a kawo maka shayi. Kai ubanmu ne a nan."

Baba Kafinta ya san irin wannan kujerar. Ya taɓa ajiye wa wani tsohon maigidansa irinta. Makon farko kowa na zuwa gaisuwa. Daga baya sai a riƙa kewaye shi da katako a kafaɗa ana cewa a ɗan matsa, Baba. Wanda aka ba kujera, in bai zo ba, ba mai buga masa waya. Mai makulli kuwa sai ya iso ake fara aiki.

Ya sa hannu a aljihu. Makullin ya yi ɗumi, gefensa ya fara santsi saboda shafa. Bayan bango zarton ya sake kuka a cikin katako, ya sarƙe, aka kashe injin. Wani ya ɗaga murya yana tambayar inda aka ajiye sabon haƙorin zarto. A sito yake, kan shiryayye na biyu, bayan gwangwanayen gam. Da safe ba wanda ya tuna ya ɗauko, kuma ya rufe kwaɗonsa kafin ya shigo zaman nan.

Ya ture kujera baya, ya miƙe. Tari ya taso masa, ya danne shi. Ya ɗauki alƙalamin daga kan takardar ya ajiye shi a gaban Lauya.

"Baba," in ji Uwata.

"Yara na jirana a bakin sito," ya ce. "Ba zan sa hannu ba."